Lauje Cikin Naɗi: Tarihin Kalmar Turancin da Ta Haɗa Makirci da Son Sani

Ma'aikacin da ya miƙa wa shugabarsa wata shawara a rubuce, ta karanta ta ce masa da Turanci shawarar *intriguing* ce, yana iya komawa kujerarsa da murmushi, domin an gaya masa cewa tunaninsa ya ja hankali. Amma in washegari aka rubuta a takardar ofis cewa an same shi yana *intriguing* a kan wannan shugabar, gara ya fara tattara komatsansa, domin zarginsa ake da ƙulla mata tuggu. Kalmar ɗaya ce, ko harafi bai canza ba, amma a jimla ta farko yabo ce, a ta biyu kuwa tuhuma.

Hausa ba ta zuba waɗannan abubuwa biyu a tukunya ɗaya ba. Makirci, tuggu, maƙarƙashiya, kutungwila da kisisina suna gefe guda. Sha'awa, son sani da ɗaukar hankali suna wani gefen. Shi ya sa kalmar *intrigue* takan sa mai fassara ya dakata ya sake karanta jimla kafin ya sa alƙalami. Ta yaya harshe ɗaya ya bar kalma guda ta ɗauki aikin maciyin amana, ta kuma ɗauki halin ɗalibi mai ƙishirwar sani?

Amsar tana cikin tafiyar shekara ɗari huɗu da kalmar ta yi a Turanci, daga fadar sarakuna zuwa dandamalin wasan kwaikwayo, daga can zuwa zauren rawa na birnin Paris. A duk tsawon tafiyar abu ɗaya kalmar take nuni gare shi, wato ƙulli. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne inda mai magana yake tsaye: wani lokaci shi ne mai ƙullawa, wani lokaci shi aka ƙulla wa, daga baya kuma ya koma ɗan kallo.

Gashi a ƙafar ɗan tsako

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen Rumawa. Suna da wata kalma, *tricae*, mai nufin 'yan ƙananan matsaloli masu hana ruwa gudu, irin tarkacen da bai kai a kira shi bala'i ba amma yana ɗaure ƙafa. Su kansu Rumawan sun yi ta laluben asalinta. Marubucin nan Pliny Babba ya danganta ta da sunan wani ɗan ƙaramin gari da aka rusa a kudancin Italiya, wanda ya zama abin zolaya a karin maganarsu. Wani masanin nahawu mai suna Nonius kuwa ya ce daga kalmar Girkanci mai nufin gashi ta fito, domin gashi kan nannaɗe ƙafafun 'yan tsaki ya hana su tafiya. Masana harshe na yau ba su ɗauki ɗayan bayanan biyu a matsayin tabbas ba, amma hoton ɗan tsakon ya dace da kalmar. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san cewa zaren da ido da ƙyar yake gani ya isa ya gurgunta tsuntsu mai lafiya.

Daga *tricae* Rumawa suka gina aikatau biyu: *intricare*, wato sarƙafewa, da *extricare*, wato warwarewa. Dukkansu suna raye a Turancin yau, a cikin *intricate*, abu mai sarƙaƙiya, da *extricate*, kuɓutar da abin da ya maƙale. Ita kuwa *intrigue* ta yi zagaye kafin ta iso. A Italiyanci ta zama *intrigare*, Faransanci ya ara ya mai da ita *intriguer*, sannan Turanci ya karɓe ta daga Faransanci a farkon ƙarni na 17, da ma'anar yaudara da jefa mutum cikin ruɗani. Wata 'yar'uwarta, *entriken*, ta riga ta shiga Turanci tun ƙarshen ƙarni na 14, har mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya yi amfani da ita a kan yadda soyayya ke sarƙafe zuciya, amma waccan ta mutu ba ta bar baya ba.

Hanyar da kalmar ta biyo ta shafa mata wani ƙamshi na baƙunta. Mutanen Ingila na wancan zamani sun ɗauki Italiya a matsayin makarantar makirci, sunan Machiavelli ma ya zame musu laƙabin mugun mashawarci a wasanninsu. Faransa kuwa ita ce ƙasar fadanci da iya zance. Kalmar da ta ratso ta ƙasashen biyu ta shigo da alamar cewa wannan sana'a ce ta wayayyu, ta mutanen da ke kayar da abokin hamayya da murmushi maimakon takobi.

Abin lura shi ne Hausa ma ta bi irin wannan tunani ba tare da ta ari kome ba. Bahaushe ya ce an ƙulla wa wane sharri, ya kira aikin ƙulle-ƙulle, in gaskiya ta fito kuma ya ce an warware zare da abawa. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba sun dubi makirci, duka suka ga igiya.

Yarjejeniya biyu a shekara ɗaya

Zamanin da kalmar ta zauna da gindinta a Ingila shi ne na Sarki Charles na Biyu. An fille kan mahaifinsa a 1649 bayan yaƙin basasa, shi kuma ya yi shekaru yana gudun hijira a Faransa da maƙwabtanta, kafin a maido shi kan gadon sarauta a 1660. Ya dawo da ɗabi'un fadar Faransa da kalmominta, ya kuma dawo da darasi ɗaya da bai taɓa mantawa ba: sarkin da ya dogara ga Majalisa wajen samun kuɗi, wuyansa yana hannunta.

A watan Mayun 1670 ƙanwarsa Henrietta, matar ƙanin Sarki Louis na 14 na Faransa, ta tsallako teku zuwa garin Dover. A idon jama'a ziyarar zumunci ce, aka yi ta liyafa da kaɗe-kaɗe. A bayan labule kuwa, ita ce 'yar aiken da ta kammala wata yarjejeniya tsakanin sarakunan biyu. A lokacin Ingila tana cikin ƙawance da Holan da Suwidin, wanda aka ƙulla a 1668 domin taka wa Faransa birki. Amma a takardar Dover, Charles ya amince zai haɗa kai da Louis su yaƙi Holan. Ya kuma yi alkawarin cewa in lokaci ya yi zai bayyana kansa a matsayin ɗan ɗariƙar Katolika, a ƙasar da mafi yawan jama'arta da Majalisarta 'yan Furotesta ne masu tsananin tsoron Katolika. Louis shi kuma zai ba shi kuɗin Faransa liba miliyan biyu saboda wannan alkawari, da sojoji 6,000 in talakawansa suka yi masa bore, ban da tallafin shekara-shekara na yaƙi.

Manyan ministocin sarkin a lokacin su biyar ne: Clifford, Arlington, Buckingham, Ashley da Lauderdale. Mutanen Landan sun lura cewa haruffan farko na sunayensu sun tashi kalmar *cabal*, wadda dama tana cikin harshen da ma'anar 'yan tsirarun da ke juya al'amura a ɓoye, sai sunan ya bi su. Abin dariyar shi ne a cikin su biyar ɗin ma akwai na ciki da na waje. Clifford da Arlington ne kaɗai suka san batun addinin, suka kuma sa hannu. Domin a rufe idon sauran, sai aka bar Buckingham ya jagoranci wata sabuwar tattaunawa da Faransa, yana ganin shi ne gwanin da ya kawo ƙawancen. A watan Disamba na wannan shekara dukkansu biyar suka sa hannu a yarjejeniya ta biyu, mai kama da ta farko amma babu zancen Katolika a ciki. Masu ƙulle-ƙulle ma an ƙulla musu. Gaba da gabanta.

Sakamakon bai tsaya a takarda ba. A 1672 Ingila ta shiga yaƙi da Holan, aka yi shekara biyu ana asarar jirage da rayuka a kan dalilin da Majalisa ba ta san cikakkensa ba. Charles bai bayyana sauya ɗariƙa ba sai a gadon mutuwarsa a 1685, kuma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin sirrin Dover ya fito fili. Henrietta kuwa ta rasu kwatsam 'yan makonni bayan komawarta Faransa, tana da shekara 26, jita-jitar guba ta cika fada.

A cikin 'yan rakiyarta zuwa Dover akwai wata budurwa, Louise de Kérouaille, wadda idon sarki ya faɗa kanta. Bayan rasuwar uwargijiyarta aka turo ta fadar Ingila, ta zama farkar sarki, ya ba ta sarautar Portsmouth, mutanen gari kuma suka riƙa kallonta a matsayin kunnen Faransa a ɗakin barcin sarkinsu. A daidai waɗannan shekaru na 1660 ne *intrigue* ta samu ma'anarta ta biyu a Turanci, wato soyayyar ɓoye. A fadar da hanyar samun muƙami take bi ta ɗakin farkar sarki, babu buƙatar kalmomi biyu; sirrin gado da sirrin gwamnati zare ɗaya ne.

Daga fada zuwa dandamali

Majalisa ta rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan a 1642. Da Charles ya dawo sai ya ba da izinin buɗe su, kuma a karo na farko mata suka fara hawa dandamali a matsayin 'yan wasa. Irin wasan da ya fi karɓuwa a lokacin shi ne wanda aka aro daga Sifaniya da Faransa, wanda daga baya manazarta suka raɗa wa suna *comedy of intrigue*: labari mai cike da wasiƙun da suka faɗa hannun da bai dace ba, da masoya cikin ɓad-da-kama, da bayi masu wayo, da ƙofofin da ake buɗewa a lokacin da bai kamata ba.

A nan kalmar ta samu ma'ana ta uku. A Faransanci, har gobe, *intrigue* ita ce sarƙar labari, wato yadda al'amura ke harɗewa a wasa ko a littafi, ƙarshen labarin kuma ana kiransa da kalmar da ke nufin kwance ƙulli. Tunanin ya girmi Faransa, domin tun zamanin Aristotle ake raba wasa gida biyu, ɗaurewa da kwancewa. Ɗalibin adabin Hausa da ya saba da warwarar jigo ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Babu wanda rayuwarsa ta haɗa fada da dandamali kamar Aphra Behn. A 1666 gwamnatin Charles ta tura ta birnin Antwerp a matsayin 'yar leƙen asiri, domin ta tatsi bayanai a kan 'yan adawar Ingila da ke gudun hijira a Holan. Ba a biya ta haƙƙinta yadda ya kamata ba, ta dawo gida bashi ya yi mata katutu. Sai ta koma rubutun wasan kwaikwayo, ta zama ɗaya daga cikin matan Ingila na farko da suka ci abinci da alƙalami. Shahararren wasanta, *The Rover*, na 1677, an gina shi a birnin Naples a lokacin bikin da kowa ke rufe fuska, masoya na ruɗa juna. Matar da ta yi wa sarki ƙulle-ƙulle aka hana ta lada, ta gano cewa jama'a za su biya kuɗin shiga domin su kalli irinsa. Shi ma Buckingham, wanda aka yi wasa da hankalinsa a yarjejeniyar Faransa, marubucin wasan barkwanci ne, kuma an nuna nasa a Landan a 1671.

Wannan matakin yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. A fada, makirci yana da mutum biyu: mai yi da wanda aka yi wa. A gidan wasa an samu na uku, mutumin da ke zaune a kujera, babu abin da zai rasa, yana jin daɗin rashin sanin yadda za ta kaya. Duk da haka, sai da aka daɗe kafin harshe ya ba wannan jin daɗi suna. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya kawo ma'anar makirci, da ta soyayyar ɓoye, da ta sarƙar labari, amma babu son sani a ciki.

Jamhuriya da tsoron ƙulli

A ƙarni na 18 kalmar ta zama zagi na siyasa, musamman a bakin masu neman kawar da mulkin sarakuna. A ganinsu fada ce gidan makirci, jamhuriya kuwa za ta yi kome a bainar jama'a. Lokacin da ake muhawara a kan tsarin mulkin Amurka, Alexander Hamilton ya rubuta maƙala ta 68 cikin jerin da ake kira *The Federalist*, a 1788, yana kare tsarin wakilan zaɓen shugaban ƙasa. Ya lissafa abubuwa uku da ya ɗauka manyan maƙiyan jamhuriya, *intrigue* na cikinsu tare da *cabal* da cin hanci, ya kuma nuna cewa babbar kafarsu ita ce ƙasashen waje masu son ɗora nasu a kan mulki. Maganinsa shi ne a zaɓi wakilai na wucin gadi, kowane rukuni ya zauna a jiharsa ya jefa ƙuri'a, ta yadda nisa zai hana su haɗa baki.

Shekara goma sha biyu kacal tsarin ya yi kafin ya harɗe. A zaɓen 1800 Thomas Jefferson da Aaron Burr suka yi kunnen doki, kowa da ƙuri'ar wakilai 73, aka miƙa hukunci ga Majalisar Wakilai. Sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 36 a watan Fabrairun 1801 kafin Jefferson ya yi nasara. A tsawon makonnin da suka gabaci wannan, Hamilton da kansa ya yi ta aika wasiƙu ga 'yan jam'iyyarsa yana roƙonsu kada su mara wa Burr baya. A wajensa ceton ƙasa yake yi. A wajen magoya bayan Burr kuwa, abin da ya yi gargaɗi a kai ne yake aikatawa. A 1804 aka gyara tsarin mulkin domin kada a sake irin wannan kunnen doki, a shekarar kuma Burr ya harbe Hamilton a wata fito-na-fito. Labarin ya fito da wata ɗabi'a ta kalmar da har yau ba ta rabu da ita ba: ba a cika jin mutum ya kira nasa shirin *intrigue* ba. Nasa dabara ce ko tuntuɓa. Na abokin hamayya ne makirci.

Wace ce wannan?

Ma'anar son sani a Faransa ta tsiro, kuma wata al'ada ta birnin Paris ta nuna yadda aka yi. Daga farkon 1716 aka fara shirya rawar dare a gidan Opera na birnin, inda mahalarta, musamman mata, ke zuwa da fuska a rufe. Babban nishaɗin wurin shi ne mace ta tunkari namijin da ta sani, ta sauya murya, ta riƙa raɗa masa abubuwan da suka shafi rayuwarsa, inda ya kwana jiya, wadda yake nema, bashin da ake binsa, sannan ta ɓace cikin taro. Faransawa sun kira wannan wasa *intriguer* mutum. Har yau ana yin irinsa a wasu bukukuwan rufe fuska na Turai, kamar na birnin Basel a Suwizalan.

Mutumin da aka yi wa haka an sarƙafe shi, kamar ɗan tsakon Nonius, amma babu abin da aka ƙwace masa sai kwanciyar hankali. Abin da ya rage masa tambaya ce mai daɗi da ciwo: wace ce wannan? Daga nan zuwa ma'anar jan hankali taki ɗaya ne. An cire cutarwa daga cikin ƙullin, aka bar ƙaiƙayin son warware shi.

Turanci bai karɓi wannan ma'ana ba sai a shekarun 1890. Lokacin ya dace da ita. Dokar ilimi ta 1870 ta yawaita masu iya karatu a Ingila, jaridu masu araha irin *Daily Mail*, wadda ta fara fita a 1896 a kan rabin kwabo na Ingila, suna neman abin da zai riƙe su, labaran Sherlock Holmes kuma sun koya wa dubban mutane daɗin bin sawun asiri daga kan kujera. Ɗan kallon da aka haifa a gidan wasa na zamanin Charles ya zama jama'a guda, kuma jama'ar tana buƙatar kalma.

Masu tsaron harshe ba su yi maraba da baƙuwar ba. H. W. Fowler, a littafinsa na ƙa'idojin amfani da Turanci na 1926, ya yi mata kaca-kaca. A ganinsa kwaikwayon Faransanci ne kawai da masu sharhin adabi ke yi don burga, alhali Turanci yana da kalmominsa na ruɗani da na sha'awa. Jama'a ba su saurare shi ba, kuma suna da hujja. Abin da ya ba mutum sha'awa daban, abin da ya ruɗa shi daban, amma akwai wani hali a tsakani, na wanda ya hango cewa akwai abin da aka ɓoye kuma yake son ya gani. Bahaushe yana da jimlar da ta kama wannan hali daidai: akwai lauje cikin naɗi. Mai faɗin haka yana zargi, kuma yana son a kwance naɗin.

Yadda ake rarrabewa a yau

A Turancin yanzu an yi rabon gado tsakanin ma'anonin, kuma ginin jimla ne ke nuna wadda ake nufi. In kalmar aikatau ce, abu ne ya yi wa mutum, to jan hankali ake nufi. Haka ma siffofin *intrigued* da *intriguing* kusan kullum. In aikatau ce da *against* ko *with* ke biye da ita, tsohuwar ma'anar ce, wato ƙulla wa wani ko haɗa baki da wani, kuma wannan amfani ya fara tsufa, an fi cin karo da shi a littattafan tarihi. In suna ce, musamman a jam'i ko tare da kalmar fada ko siyasa, kamar *palace intrigue*, makirci ne. Sai dai mai tallar littafi ko fim da ya yi alkawarin labari mai cike da *intrigue* yana nufin duka biyun a lokaci guda. Ma'anar soyayyar ɓoye kuwa ta koma cikin tsofaffin littattafai.

Akwai wani abu kuma da ƙamus ba ya faɗa. A bakin ma'aikacin ofis ko malamin jami'a, *intriguing* yabo ne mai ƙofar fita. Ya ce abin ya ja hankalinsa, bai ce ya yarda da shi ba, bai kuma ce zai sa hannu ba. Ma'aikacin da aka fara wannan bayani da shi yana da dalilin murmushi, amma bai kamata ya fara kashe kuɗin aikin ba tukuna.

Ɗan kallo da kuɗinsa

Mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya saba ganin *intrigues* a kanun labarai duk lokacin da zaɓen fid da gwani ya ƙarato, ko ake rabon muƙaman majalisa, ko wata kujerar sarauta ta zama babu kowa. Editan da ya zaɓi kalmar ya san aikinsa. Da ya rubuta cewa ana sayen wakilai, sai an nemi hujja a wajensa. Da ya rubuta cewa ana tattaunawa, babu mai sayen jaridar. Kalmar da ke nufin makirci da nishaɗi a lokaci guda ta raba masa gardama: ta yi zargi ba tare da ta kama suna ba, ta kuma yi wa mai karatu alkawarin labari mai daɗi.

'Yar'uwarta *cabal* ma ta samu gida a nan. Ta cika bakin jama'a bayan da aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya jinya a watan Nuwamban 2009 ba tare da an miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Fiye da wata biyu ƙasar tana bin labarin kamar wasan kwaikwayo mai dogon zango: wa ya gan shi, wa ya hana a gan shi, wa ke magana da yawunsa. A cikin wannan lokaci har sabon Alƙalin Alƙalai sai wanda zai gada ne ya rantsar da shi, saboda babu shugaban da zai yi. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa.

A nan ne tarihin kalmar yake da abin faɗa wa mai karatu na yau. Mutumin da ya biya kuɗin shiga gidan wasan Aphra Behn, in an sauke labule yakan koma gida da aljihunsa da ƙasarsa yadda ya bar su. Amma shi wannan mutumin, a shekarun nan dai, harajinsa ne ya sayi jiragen yaƙin da yarjejeniyar Dover ta tura teku, kuma ɗan maƙwabcinsa ne matuƙin da bai dawo ba. A wasa na farko ɗan kallo ne, a na biyu kuwa yana cikin waɗanda aka ƙulla wa, ko da yake kalma ɗaya aka yi amfani da ita ga duka biyun. Duk wanda ya ci karo da ita a kanun labarai gobe da safe, kafin ya gyara zama ya sha labari, yana da kyau ya duba ko zaren ya biyo ta ƙafarsa.